Lauyan da ke kai ƙarar jirgin ruwa

Ranar 23 ga Maris, 2021, jirgin dakon kaya mai suna Ever Given ya gindaya a mashigin Suwez na Masar, ya toshe hanyar har kwana 6. Duniya ta zuba ido kan injinan haƙa da ƙananan jiragen da ke jan sa. Da ya motsa aka yi murna, kowa ya kama gabansa. A ranar ne aikin lauyoyin shari'ar teku ya soma, kuma su ne na fi jinjina wa a wannan labari.

Dubi irin ƙullin da aka ba su su kwance. Mai jirgin kamfanin Shoei Kisen ne na Japan. Wanda ya yi hayarsa Evergreen ne na Taiwan. Rajistarsa ta Panama ce, ma'aikatansa Indiyawa, kwantenonin da ke kansa kuwa, wajen 18,000, na 'yan kasuwa ne daga ƙasashe barkatai. To wa za a tuhuma, a kotun wace ƙasa, da dokar wa? Lauyan da ya kuskure wannan tun farko ya faɗi shari'a kafin ya buɗe baki.

Dokar teku ta ba lauya wani makami mai ban mamaki: ana iya kai ƙarar jirgin kansa, kotu ta sa a tsare shi har sai an ajiye jingina. Haka hukumar mashigin Suwez ta yi. Wata kotu a Isma'iliyya ta ba da umarnin tsarewa, hukumar ta nemi dala miliyan 916, daga baya ta sauko zuwa 550, kuma ba a saki jirgin ba sai 7 ga Yuli, bayan an sasanta. Wannan makami yana son zafin nama. Jirgi baƙo ne, yau yana tasha, jibi ya yi nisa. Dole lauya ya harhaɗa hujjojinsa cikin dare, ya tsaya gaban alƙali kafin jirgin ya bar gaɓa. Lauyan mai jirgi shi ma ba ya barci, domin kowace rana da jirgi ya yi a ɗaure asara ce mai yawa; yana can yana neman takardar lamuni daga masu inshora don a sake shi.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne karatun takarda. Kamfanin SMIT na Holan, wanda ya taimaka wajen ceto jirgin, ya kai ƙara Landan yana neman ladan ceto. Masu jirgin suka ce ai an riga an ƙulla yarjejeniyar biya, don haka babu batun ladan ceto. Shari'ar ta koma kan saƙonnin imel da aka yi ta musaya cikin gaggawa lokacin da jirgin ke maƙale: shin an gama ciniki, ko ana kan tayi? A 2023 kotu ta yanke cewa ba a ƙulla ba. Miliyoyin daloli suka rataya a kan 'yan jimloli, kuma sai mai haƙurin bin su ɗaya bayan ɗaya ne ya ga inda gaskiya take.

Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar raba asara, wadda asalinta ke komawa ga fataken tsibirin Rodas: abin da aka kashe don tsirar da jirgi da kaya, duk mai kaya a ciki sai ya biya rabonsa, ko da nasa bai jiƙe ba. Masu Ever Given sun ayyana ta. Wanda ya yi wa kayansa inshora, kamfanin inshorar ya tsaya masa. Marar inshora sai ya ajiye kuɗi kafin ya karɓi kayansa.

Wannan ƙa'ida ba ta bar ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Maraɗi da ke jiran kwantenarsa daga Sin ba. A Najeriya, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, bisa dokar 1991. Alhaji, kafin kayanka su hau ruwa ka yi musu inshora, ka kuma kai takardar lodi ga lauyan da ya san teku ya karanta maka ƙananan rubutun da ke bayanta.