Tiya ba ta san ɗanɗanon gero ba

Mai karatu, in ka taɓa tsayawa gaban ma'auni a kasuwar Gwaram ko Birnin Kudu, ka san tiya aiki ɗaya ta iya: ta faɗa maka yawan geron. Ko sabo ne, ko ƙwari sun ci, ko an yi masa algus, wannan sai ka damƙa da hannunka ka duba. Duk wani awo haka yake, tambayar da aka yi masa kaɗai yake amsawa.

Kada ka ɗauka raina awo nake yi. Dubi ɗan zaren nan mai launi uku da ma'aikatan lafiya ke zagaya damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 da shi. Idan kaurin damtsen ya gaza santimita 11.5, ya faɗa kan ja, wato tamowa mai tsanani. Uwa a Dingaya tana iya cewa "ai haka jikinsa yake, gado ne," amma zaren ba ya jin kunyar kowa. A nan lissafi ya fi ido gaskiya, kuma rai yake ceta.

To amma akwai tamowar da ke zuwa da kumburi, inda ruwa ke taruwa a jikin yaro, har awon ya iya nuna kamar ba komai. Shi ya sa ake koya wa ma'aikaci ya danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. In wurin ya lotsa bai tashi ba, akwai matsala, ko me zaren ya nuna. Ka ga kimiyyar da kanta ta san inda ma'auninta ya tsaya.

Wannan tawali'un ne nake ganin ya yi ƙaranci a wasu nazarce-nazarcen waƙoƙinmu. Ilimin aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, yana auna baiti ta jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Hausa ma tana bambance gajeren wasali da dogo, don haka ma'aunin ya zauna wa rubutattun waƙoƙi da yawa, kuma da shi ake gane inda mai kwafe rubutu ya tsallake kalma. Wannan amfani ne babba.

Matsalar ita ce ɗalibi ya ƙirga gaɓoɓi shafi bayan shafi, ya ce "wannan bahari kaza ne, wancan ɗangon ya karye," sai ya rufe littafi. Bai gaya mana me ya sa gargaɗin Mu'azu Haɗeja ke ratsa jiki ba. Wani ma sai ya ɗora arulin kan waƙar Mamman Shata, alhali Shata kiɗan kalangu yake bi, yana jan gaɓa ko ya haɗiye ta don ta hau kiɗan. Abin da takarda ta kira karaya, a kunne daidai yake.

Don haka in an miƙo maka adadi, ko na maki ne, ko na nauyi, ko na ƙafafun baiti, karɓa da hannu biyu. Sannan ka tambaya: me aka auna, me kuma aka bari a waje? In yaro ne, danna ƙafar. In waƙa ce, sa a rera maka ita tukuna.