Ƙatuwar Ayaba da Ƙaton Rago Sun Cancanci Girmamawa

A gefen manyan titunan Ostireliya akwai ayaba mai tsawon mita 13, da abarba mai tsayin mita 16, da ragon siminti mai nauyin kusan tan 100, da mangwaro, da jatan lande, da sauran ire-irensu fiye da 150. Matafiya kan taka birki, su fito da iyalansu, su ɗauki hoto, su sayi ɗan abin taɓawa, su kama hanya. Masu ilimin zane da sassaƙa da yawa na yi musu kallon raini, suna cewa wannan ai talla ce, ba fasaha ba. Ni kuwa ina ganin waɗannan siffofi suna yin aikin da manyan gidajen adana kayan fasaha ba su iya ba, kuma ina ƙaunarsu saboda haka.

A duba yadda abin ya samo asali. A 1964, wani manomi mai suna John Landi yana da rumfar sayar da ayaba a Coffs Harbour, kan titin da ya haɗa Sidni da Birisben. Motoci na wucewa a guje, ba mai ko waiwaye. Sai ya sa aka gina masa ayabar da makaho ne kaɗai zai wuce bai gani ba. Dabarar ke nan, kuma ba ƙaramar dabara ba ce. Direban da ya yi awanni yana tsala gudu a ƙasa mai faɗi irin wannan, ƙiftawar ido kawai yake da ita ya gane abin da ke gabansa. Dole siffar ta zama babba, mai launi, wadda yaro ɗan shekara uku zai hango daga kujerar baya ya ce, “Baba, tsaya!” Wanda ya iya ƙera abin da zai tsayar da mota a tsakiyar tafiya, ya san aikinsa.

Labarin ragon Goulburn ne ya fi zama mini a rai. Garin ya daɗe yana cin abinci da ulun tumakin marino. A 1985 aka gina ragon, tsayinsa ya ɗan haura mita 15, an kuwa kwaikwayi siffarsa ne daga wani ragon gaske mai suna Rambo na wata gonar yankin. A cikinsa akwai kanti da wurin baje tarihin sana'ar ulu, kuma mutum na iya hawa sama ya leƙa gari ta idanunsa. Sai a 1992 aka kewaye garin da sabon titi. Motocin da suka saba bi ta ciki suka daina, ciniki ya faɗi, rago ya zauna a inda ba mai ganinsa. Da a ce kayan ado ne kawai, da an bar shi nan ya lalace. Amma a 2007 aka ɗora shi bisa doguwar mota aka matsar da shi kusan mita 800 zuwa bakin sabon titin. Ba a yi wannan wahala don wasa ba. Ƙaramin gari da babban titi ya juya wa baya yana iya mutuwa a tsaye: gidan mai ya rufe, mai abinci ya tashi, samari su gudu birni. Ragon nan kira ne ga mai wucewa cewa akwai mutane a nan, ga kuma abin da suke yi.

Batun hoto ma ban ga laifinsa ba. Kakar da aka ɗauke ta tana yarinya a gindin abarbar Woombye, wadda aka buɗe a 1971, yau tana iya tsayawa da jikokinta a daidai wurin. Ba a biyan kuɗi kafin a kalle ta daga titi, ba a buƙatar wani malami ya yi bayaninta. Hukumomi ma sun zo sun yarda: a 2007 gidan wayar ƙasar ya fitar da kan sarki mai ɗauke da wasu daga cikin siffofin, a 2009 kuma jihar Queensland ta sa abarbar cikin kayan tarihin da doka ke karewa.

Abin da ke damuna shi ne gasar girma. A Kanada, garin Moose Jaw yana da siffar wata ƙatuwar dabbar daji mai rassan ƙaho tun 1984. Da Norwe ta ƙera tata da ta ɗan ɗara ta tsayi, sai aka tara kuɗi a 2019 aka yi wa ta Kanada sabbin ƙahoni don ta ƙwato kambunta. An yi raha, an samu talla, amma idan “mafi girma a duniya” ya zama shi ne maƙasudi, gobe wani zai gina wadda ta fi. Tun da waya ta shiga hannun kowa, ana ta kafa abubuwa a ƙasashe da dama don a tsaya a ɗauki hoto kawai, ba tare da sun faɗi komai game da ƙasar da suke tsaye a kai ba. Ayabar Coffs Harbour kuwa tana da tushe. Yau noman ayaba ya ja baya a yankin, mafi yawan ayabar Ostireliya daga arewacin Queensland take fitowa, amma siffar na nan tana ba da shaidar abin da ya raya garin a da.

Mu ma ba baƙin abin ba ne gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa bi ta Makurɗi ya san kwandon nan cike da amfanin gona da aka kafa a shataletalen Wurukum don shelar abin da Binuwai ke alfahari da shi. Ga al'ummar da malamanta da yawa ke ƙyamar ƙera siffar abu mai rai, rago da jatan lande ba za su karɓu ba, kuma ba na ganin a tilasta. Amma albasa, tumatir, damin gero, ƙwarya, ba wanda zai yi musu a kansu.

Sai dai ginawa ita ce mai sauƙi. Rana na cin fenti, ruwa na shiga tsagu, mai ginin na mutuwa ko ya karye. Jatan landen Ballina, wanda aka kafa a 1989, ya koɗe ya lalace har hukumar garin ta amince a rushe shi a 2009. Mutanen gari suka ce ba su yarda ba. Daga baya kamfanin Bunnings mai sayar da kayan gini ya ɗauki nauyin gyaransa, ya ƙara masa wutsiyar da ba shi da ita a da, aka sake tsayar da shi a 2013 a bakin kantin kamfanin.