Bale da Tara a Hannu, Ka Ce Fas?

Duk wanda ya san karta ya san hannun banza ba ya ba da wahala. Ka duba, ka ga tarkace, ka kife, ka ɗauki kofin shayinka. Hannun da ke hana ɗan wasa barci shi ne mai kyau, wanda ya kusa zama gagara-badau amma bai kai ba.

A Madarumfa, kamar sauran garuruwan jihar Maradi, kartar da aka fi bugawa a fada ita ce belot, wadda ta zo daga Faransa. Foka baƙuwa ce, sai dai a fim ko a waya. Garin da ake zuwa ziyarar kaburburan waliyyai 99 a gefen tabkinsa ba wurin kafa teburin caca a fili ba ne, kuma ayoyin Baƙara da Ma'ida sun gama magana a kan caca, ban zo in tayar da ita ba. Abin nazari shi ne wata tambaya da 'yan foka suka daɗe suna gardama a kanta, wadda ɗan belot ma ya san ta ko da bai taɓa sa ko dala a ƙasa ba: yaushe ne mai ƙarfi zai janye?

Nau'in fokar da ake kira stod ya bazu a Amurka tun zamanin yaƙin basasarsu na shekarun 1860. Bambancinsa da sauran shi ne yawancin kartar mutum a buɗe take. A mai karta biyar, ɗaya ce a kife, huɗu kowa yana gani. A mai bakwai, uku a kife, huɗu a buɗe. Bayan kowace rabawa sai a yi zubi: ko ka biya abin da abokin karawa ya sa, ko ka ƙara, ko ka ajiye kartarka ka haƙura da abin da ka riga ka zuba. Saboda haka gwanin stod ba mai rufe fuska ba ne kawai, mai ƙidaya ne. Yana tuna kartar da ta fito a gaban wanda ya janye tun ɗazu, domin ita ba za ta sake bayyana a hannun kowa ba.

Misalin da aka fi jayayya a kansa daga fim ya fito, The Cincinnati Kid na 1965, inda Steve McQueen ya fito a matsayin matashin da ke neman kayar da tsohon gwani Lancey Howard, wato Edward G. Robinson. A zagayen ƙarshe yaron yana da as uku da goma biyu, hannun da mutum kan yi dare da yawa bai gan shi ba a stod mai karta biyar. A gaban tsohon kuwa akwai takwas, tara, goma da sarauniya, duk na zanen karo. Karta ɗaya tak a duniya za ta kayar da yaron, balen karo, wanda zai cika jeri biyar na zane ɗaya. Cikin karta 52, yaron yana ganin tara, saura 43. Ɗaya cikin 43 ke nan. Ya zuba, tsohon ya ƙara dala 5,000 ta Amurka, yaron ya biya da bashi, aka buɗe, sai ga balen.

Masu kallo da yawa sukan tashi da cewa girman kai ya ci yaron. Ni ban yarda da wannan hukunci yadda ake saurin yanke shi ba. Lissafin 'yan wasan mai sauƙi ne: in akwai jika tara a tsakiya, aka ce ka sa jika ɗaya ka ga kartar abokinka, ya ishe ka ka yi nasara sau ɗaya cikin goma ka fita ba asara. Shi ya sa a stod mai ƙayyadadden zubi, wanda ya ajiye babban hannu a zagayen ƙarshe yawanci kuskure ya yi, ko da ya ji kansa mai hikima. Tsoro ma yakan sa rigar dattako.

Sai dai ɗaya cikin 43 lissafin karta ne kafin mutum ya yi motsi. Tsohon yana ganin as biyu da goma biyu a gaban yaron, ya ga kuma yaron ya zuba kuɗi bai ji tsoron karo huɗun nan ba. Wanda ya shekara da shekaru a teburi ya san ma'anar wannan. In duk da haka ya ƙara, to ko dai yana da balen, ko yana burga da mutumin da ba zai janye ba, abin da gwani ba ya yi. A nan ƙididdigar ta rushe, 43 ɗin ta koma kusan biyu. Ga inda gardamar take da gaske, kuma ba ta da amsa ɗaya, domin ta rataya ne a kan wane ne zaune a gabanka. Abin da ba shi da gardama shi ne bashin. Wanda ya biya da kuɗin da ba shi da su ya daina auna farashi.

A belot babu zubi zagaye-zagaye, amma tambayar tana nan a farkon rabawa. Karta 32 ce, mutum huɗu, biyu-biyu. A ba kowa biyar, a buɗe ɗaya a tsakiya, kowa ya ce ya ɗauka ko ya ce fas. Wanda ya ɗauka, zanen wannan kartar ya zama atu, wato zanen da ke cin sauran, kuma dole shi da abokinsa su fi abokan karawa maki cikin 162, in ba haka ba duka makin su tafi wajen abokan karawar. Balen atu maki 20 ne, tara kuma 14. Mai su biyun a hannu shi ne mai garin.

To amma akwai tsofaffin hannu da kan riƙe bale da tara su ce fas. Wani yana ganin sauran kartarsa ba as ba goma, ba ya son ɗora wa abokinsa kaya. Wani kuwa kwanton ɓauna yake yi, yana jiran na kusa da shi ya ruɗu da as da goma ya ɗauka, ya faɗa rami. In tarkon ya kama, fada ta ɗauki shewa. In kowa ya ce fas aka shiga zagaye na biyu, wani ya zaɓi wani zane, balen nan ya koma maki 2, tara ta koma sifiri. Karta ba ta canja ba, 34 ta zama 2 a hannun mutum yana kallo, dara ta ci gida.

Abin da ya raba wasannin biyu shi ne wanda ake yi wa bayani. Ɗan stod shi kaɗai ne da aljihunsa, in ya ajiye ma ba dole ya nuna abin da ya ajiye ba, sau da yawa har abada ba zai san ko ya yi daidai ba. Ɗan belot kuwa kartarsa za ta fito ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, abokinsa yana ƙirgawa. Shi ya sa a fada ba a cika samun mai janyewa da babban hannu ba, an fi samun mai ɗauka da hannun da bai isa ba. Faɗuwa bayan an ɗauka ana yafe ta, a ce rabo ne. Wanda ya ce fas da bale da tara, tarkonsa kuma bai kama ba, zai sha "Haba abokina, me kake jira, wahayi?" har a sauke shayi na uku, kuma gobe in za a raba abokai sai ya ga kowa yana duban wani wajen.