Rigar Carton da Alkyabbar Gauvain: Kalmomin Ɓad da Kama ga Mai Karatu na Ƙasar Arewa

Littattafai biyu na Turai da aka gina a kan juyin juya halin Faransa sun ƙare da al'amari iri ɗaya: mutum ya shiga gidan kaso, ya tuɓe tufarsa ya ɗora wa wanda kisa ke jira, sa'an nan ya zauna a madadinsa. Na farko shi ne A Tale of Two Cities na Charles Dickens, wanda ya fito a Ingila cikin 1859. Na biyu kuwa Quatrevingt-treize na Victor Hugo, wanda ya fito a Faransa cikin 1874. Labari irin wannan yana da farin jini wurin masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, domin ana iya taƙaita shi cikin ƴan shafuka kaɗan, ga shi kuma yana riƙe hankalin dattijon da ya fara karatu da girma. Sai dai duk wanda ya ɗauki alƙalami don mayar da shi cikin Hausa zai ci karo da wata matsala tun a jimlar farko. Hausa ba ta da kalmar da za ta faɗi wannan aiki ba tare da ta yanke masa hukunci ba, kuma a ƙasar Arewa ta Dogondutsi da Tibiri, inda tsofaffi ke tune da shekarar 1964, hukuncin ba na wasa ba ne.

A littafin Dickens, Sydney Carton lauya ne mashayi wanda ya yanke ƙauna daga kansa, Allah kuma ya yi shi da kama da Charles Darnay, mijin Lucie, matar da shi Carton yake so. Da kotun juyin juya hali ta yanke wa Darnay hukuncin kisa a Paris, sai Carton ya matsa wa wani ɗan leƙen asiri mai suna Barsad har ya shigar da shi kurkuku. Can ya sa Darnay ya musanya takalma da riga da shi, ya shaƙa masa wani magani ya suma, aka fitar da shi a matsayin baƙon da baƙin ciki ya kayar, aka wuce da shi ƙofar birni da takardun Carton. Mutum hamsin da biyu aka sare wa kai a wannan rana, adadin ya cika, ba wanda ya ƙirga ya ga giɓi. Dabarar duka ta dogara ga abin da marubucin ya ba kansa kyauta tun farkon littafi, wato fuska biyu iri ɗaya. Bahaushe yana cewa kama da wane ba ta wane, kuma Dickens kansa ya san haka, shi ya sa ya bar wata yarinya mai ɗinki, wadda za a kashe tare da shi, ta gane cewa wannan ba Darnay ba ne. Wannan ɗan wuri shi ne mafi kyau a ƙarshen littafin, domin yarinyar ta gani ta yi shiru.

Hugo bai nemi taimakon kama ba. Gauvain saurayi ne, kwamandan sojojin jamhuriya a yaƙin Vendée na 1793. Lantenac kuwa tsoho ne, ɗan'uwan kakansa, shugaban masu tawayen goyon bayan sarauta, mutum marar tausayi. Lantenac ya riga ya tsere daga hasumiyar La Tourgue, sai ya komo don ya fid da yara uku daga gobara, aka kama shi. Cikin dare Gauvain ya shiga wurinsa, ya yafa masa tufarsa ta kwamanda mai rufin kai, ya tura shi waje, masu gadi suka ga tufar suka ba da hanya. Mai fassara a nan ya yi sa'a, don Hausa tana da kalmar da ta fi ta Faransanci dacewa, wato alkyabba. Ko a Matankari, tsohuwar mazaunin Sarkin Arewa, ko a Sakkwato, kowa ya san alkyabba ba tufar sanyi ba ce kawai, alamar muƙami ce, wanda kuwa ya cire tasa ya ɗora wa fursuna ya sauka daga muƙamin ke nan tun kafin a tsige shi.

Abin da ya ɗaga littafin Hugo bisa na Dickens shi ne abin da ya biyo baya. Carton ya mutu cikin sunan wani, ba a taɓa tambayarsa me ya yi ba. Gauvain kuwa gari na wayewa aka gurfanar da shi gaban alƙalai uku, ya amsa laifinsa da bakinsa. Guéchamp ya zaɓi kisa, saje Radoub ya zaɓi saki, Cimourdain, wanda ya rene shi ya karantar da shi, ya raba gardama da zaɓen kisa, sa'an nan ya harbe kansa a daidai lokacin da wuƙar ta sauka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a littafin Hugo an tilasta wa aikin ya sami suna, an kuma nuna cewa mutane uku masu gaskiya ba su yarda da suna ɗaya ba. Wannan gardama ita ce mai fassarar Hausa zai shiga, ko ya so ko bai so ba.

Kalmar da za ta fara zuwa masa ita ce ɓad da kama. Ta fuskar nahawu gajeren siffa ce ta ɓatar da kama, kamar yadda ake samun fid da daga fitar da, kuma ita ce mafi kusa da tsaka-tsaki, tun da ba ta faɗi dalili ba. Amma tana nufin mutum ya sāke kamarsa don kada a gane shi. Ba ta ɗauke da ma'anar shiga kamar wani mutum sananne, balle mutuwa a wurinsa. Sojan gona tana da wannan ma'ana ta ɗaukar matsayin da ba naka ba, sai dai ta macuci ce mai neman abin hannun talaka, in aka jingina ta ga Carton labarin ya koma abin dariya. Shigar burtu ta fi muni. Asalinta maharbi ne da ke ɗaura kan tsuntsun burtu a goshinsa, ya sunkuya ya matso kusa da namun daji, saboda haka duk inda aka ji ta an san kisa ne a ƙarshenta. Rikiɗa ta hawainiya ce da maye da aljani. Yaudara da zamba da makirci, ta ƙarshen daga Larabci, duk suna nuna akwai wanda aka cuta, kuma mai magana yana bayansa. Dabara da hila da wayo suna yabon kaifin hankali, su ne kayan aikin Gizo a tatsuniya da na Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja, amma Gizo bai taɓa yin dabara don ya halaka kansa ba. A gwada jimlolin nan uku:

(1) Ya ɓad da kama ya shiga kaso.
(2) Ya yaudari masu gadi ya fid da shi.
(3) Ya fanshe shi da ransa.

Dukansu gaskiya ne game da Carton, amma mai karatun da aka ba (2) da wanda aka ba (3) ba labari ɗaya suka karanta ba. Fansa ita kaɗai ce ta kama musayar rai da rai, ita kuma ta share ƙaryar da aka yi gaba ɗaya, kamar ba a yi ta ba.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da Arawa. A ƙasar da bori ya yi ƙarfi, kamar yadda Adeline Masquelier ta bayyana a littafinta na 2001 a kan Dogondutsi, sa tufar wani ba lalle ne ya zama ɓoyo ba. In iska ya hau dokinsa aka sa masa kayansa, ba wanda aka ruɗa, jama'a sun san mutumin sun kuma san wanda ya hau shi. Haka iskokin Babule, waɗanda suka ɓulla a Kurfai wajen 1925 suka bazu zuwa Arewa suna kwaikwayon sojan Faransa: a fili suke yi, abin da ya tayar wa hukumar mulkin mallaka da hankali ke nan. Mai karatu da ya tashi cikin wannan al'ada zai fahimci alkyabbar Gauvain da sauri fiye da rigar Carton, domin ya saba da tufar da ke ɗauke da iko.

Tarihin Nijar yana da nasa lokacin ɓoyo, kuma littafin da ya fi tattara shi shi ne na Klaas van Walraven, The Yearning for Relief, na 2013, wanda aka fassara cikin Faransanci a 2017. Jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta nemi a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, ta sha kaye a ƙarƙashin matsin gwamna Colombani, aka haramta ta cikin Oktoba 1959. Daga nan ta koma aiki a ɓoye, shugabanninta suna Bamako da Akkara, samarinta suna koyon aikin soja a Gana da Aljeriya da Sin da Biyetnam ta Arewa. Cikin Satumba da Oktoba 1964 suka ƙetaro iyakoki ƙungiya ƙungiya. Gwamnatin Jori Hamani ta tayar da sarakuna da ƴan banga na jam'iyyar RDA da mutanen ƙauyuka don farautarsu. An kashe Danduna Abubakar a yankin Birnin Ƙonni, maƙwabciyar Arewa ta gabas, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta ga idon jama'a, aka kuma harbe mutum huɗu a bainar jama'a ranar 13 ga Oktoba. Ranar 13 ga Afrilu 1965 Amadu Diop ya shiga cikin masallatan idin babbar salla a Yamai ya jefa gurneti don kashe Jori. Shugaban ya tsira, yaro ƙarami ya mutu. Wannan aiki na ƙarshe ba mai jin Hausa da zai rasa sunansa, shigar burtu ce sosai.

Van Walraven ya nuna cewa ƙashin bayan Sawaba talakawan gari ne, direbobi da ƴan tasha da ƙananan ƴan kasuwa da teloli, masu tafiya kullum tsakanin Nijar da Nijeriya, inda jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ke amfani da kalmar sawaba tun 1950. A nan ne littattafan Turai biyu suka gaza wa mai karatu na Arewa. Iyakar da ta raba Dogondutsi da Tibiri daga Arewar Kangiwa ta ratsa dangi ɗaya ne masu harshe ɗaya, wanda ya ƙetare ta ba ya bukatar fuskar wani ko alkyabbar kwamanda, rigarsa ta yau da kullum ta ishe shi. Abin da ke tsirar da mutum a irin wannan wuri magana ce: mai gida ya ce wa gardi wannan ɗan ƙanwata ne, mai shayi ya ce bai ga kowa ba, uwargida ta ƙara tuwo ba ta tambayi na wane ne ba. Ƙaryar ta rabu tsakanin mutane da yawa, kowa da ɗan rabonsa, haɗarin kuma ya hau kan gida duka. Hausa tana da sunan wannan, wato rufin asiri, kalmar da ake roƙon Allah da ita safe da yamma, kuma tana tafiya tare da amana, irin wadda ke tsakanin baƙo da mai masaukinsa. Dickens ya taɓa ta sau ɗaya kawai, a shirun yarinya mai ɗinki. Hugo ya fi kusa da ita a farkon littafinsa, inda almajiri Tellmarch ya ɓoye Lantenac a raminsa alhali ya san an sa kuɗi a kansa, ya kuma yi da-na-sani da ya ga ƙauyen da mutanen Lantenac suka ƙone.

Da-na-sanin Tellmarch ya isa dalilin fifita Hugo in za a zaɓi ɗaya don ajin manya a wannan yanki. Mutanen da suka rayu cikin 1964 ba rukuni ɗaya ba ne, akwai wanda ya ɓoye, akwai wanda ya nuna, akwai wanda aka tilasta wa ya riƙe sanda ya shiga farauta, jikokinsu kuma benci ɗaya suke zama. Labarin da ya ce fansa kawai zai yi wa wasunsu gori, wanda ya ce yaudara kawai zai zagi iyayen wasu. Shari'ar Gauvain tana ba kowane ɓangare alƙalinsa, don haka bai kamata mai taƙaitawa ya yanke ta ba, ko da tsawonta ya sa ya yi sha'awar haka. Kalmar juyin juya hali ma tana bukatar kula, tun da abin da ɗaya ke kira juyi ɗaya bore yake kiransa ko tawaye, kuma ya fi kyau a bar kowane ɗan wasa ya yi amfani da tasa kalmar, mai ba da labari ya tsaya a kan ɓad da kama.

Aikin da ya rage na masu nazarin harshe ne. Wanda yake da shekara ashirin a 1964 ya haura tamanin yanzu. In aka ɗauki maganar irin waɗannan tsofaffi a Dogondutsi da Matankari da Tibiri da Gesheme, cikin Arewancinsu ba tare da an daidaita shi ba, abin da ya kamata a sa wa ido shi ne aikatau da suke zaɓa in suna ba da labarin baƙon da ya kwana ya wuce kafin asuba, da kuma ko aikatau ɗin yana sākewa in mai masaukin mahaifin mai magana ne.