Buri Bayan Ya Cika: Fata da Farga a Adabin Sifaniya

An daɗe ana yi wa adabin Sifaniya na ƙarni na 16 da na 17, wanda ake kira Zamanin Zinariya, hukuncin cewa adabi ne na yanke ƙauna, kuma masu wannan ra'ayi da tarihi suke kafa hujja, domin duk da azurfar da ke kwararowa daga nahiyar Amurka, masarautar ta kasa biyan bashinta a 1557 da 1575 da 1596, sannan rundunar jiragen ruwan da ta tura Ingila a 1588 ta dawo a wargaje. Hukuncin na gaggawa ne, saboda kalmar da marubutan zamanin suka fi jujjuyawa ita ce desenganyo, wadda ma'anarta fita daga ruɗi, wato abin da Bahaushe ke kira farga, kuma wanda ya farga yana da sauran tafiya a gabansa, saɓanin wanda ya yanke ƙauna.

Dabarar da ta fi bayyana wannan bambanci ita ce marubuci ya damƙa wa tauraronsa ainihin abin da yake buri, sannan ya bar shi ya ɗanɗana. A wasan kwaikwayon Kalderon de la Barka mai suna Rayuwa Mafarki Ce, wanda aka buga a 1636, an ɗauko yarima Sehismundo daga hasumiyar da mahaifinsa ya tsare shi tun haihuwa, aka kai shi fada cikin barcin magani, ya farka a kan mulki, ya jefa wani bara daga bene, aka mayar da shi kurkuku aka ce masa mafarki ya yi, kuma daga nan ne ya koyi riƙe kansa.

Amma inda dabarar ta kai maƙura shi ne kashi na biyu na Don Kihote, wanda Migel de Serbantes ya fitar a 1615. Tun a kashi na farko, na 1605, Sanco Fansa, manomin da bai iya karatu ba, ya bar matarsa da 'ya'yansa ya bi ubangidansa Don Kihote a kan jaki saboda alƙawarin sarautar tsibiri, har a kashi na biyu wani basarake da matarsa, don neman abin dariya, suka naɗa shi gwamnan Baratariya, garin da ruwa bai ko kewaye shi ba. Serbantes bai sa shi ya gaza ba, kuma a nan gwanintar take: Sanco ya yi shari'a da basira, har ya gano tsabar zinariya goma da wani tsoho ya ɓoye cikin sandarsa domin ya rantse cewa ya biya bashi. Abin da ya ci amanarsa shi ne sarautar kanta, domin mutumin da ya yi mafarkin cin mai kyau ya zauna gaban akusa likita na nuna kowane da sanda ana ɗaukewa, kuma a dare na bakwai aka shirya harin ƙarya, aka ɗaure shi tsakanin garkuwa biyu, ya faɗi kamar kunkuru ana tattaka shi. Da gari ya waye ya nufi inda jakinsa yake, ya rungume shi, ya ɗaura masa kaya da hannunsa, bai nemi guzuri ba sai ɗan sha'ir na jaki da rabin burodi da rabin cuku. Gani ya kori ji, kuma babu wanda ya tuɓe shi, shi ya ajiye.

Shaidar cewa fargar ta zauna tana cikin babin da ya biyo baya, inda ya haɗu da tsohon maƙwabcinsa Rikote, ɗaya daga cikin Moriskawa, wato zuriyar Musulman Andalus da aka fara kora daga ƙasar a 1609, wanda ya dawo a ɓoye domin tono dukiyar da ya binne, ya yi masa tayin tsaba ɗari biyu in zai taimaka, Sanco ya ƙi, kuma ya yi alƙawarin rufa masa asiri.

Masu karatun yanke ƙauna sukan garzaya babin ƙarshe, inda Don Kihote ke tir da littattafan barade a kan gadon mutuwa, suna mantawa da wanda ke kuka kusa da gadon yana roƙonsa ya tashi su shiga daji kiwo kamar yadda suka shirya. Don Kihote ya farga lokacin da rai ya ƙare masa, don haka fargarsa ba ta haifi wani aiki ba sai wasiyya. Sanco ya farga da sauran ƙarfinsa, ya rasa kwaɗayin zama gwamna, fatansa ya koma kan abokinsa, shi ya sa duk mai son sanin abin da Serbantes ke nufi da desenganyo, wurin baran ya kamata ya duba kafin ubangidan.