Tsakanin Kai da Kai: Yadda Gwanin Wanzami Ke Tsabtace Ƙarfensa

Litinin da Juma'a, ranakun da kasuwar Maraɗi ke ci, wanzami kan taɓa kawuna da yawa kafin la'asar. Kowa na yaba yadda askarsa ke bin ƙeya ba gargada. Ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne aikin da gwani ke yi bayan wani ya tashi daga tabarma, kafin na gaba ya zauna.

Buta da sabulu yake fara jawowa. Ya cuɗa tafi da bayan hannu, ya sarƙa yatsu, ya murza babban yatsa shi kaɗai, ya kankare ƙarƙashin farce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa wannan wanki daƙiƙa 40 zuwa 60. A 1847 likita Ignaz Semmelweis ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin a wani asibitin haihuwa na birnin Biyana, sai mace-macen masu jego ya ragu ƙwarai.

Abin da gwani ke kora ido ba ya ganinsa, kuma iri-iri ne. Akwai bakteriya, ƙananan halittu masu saurin hayayyafa. Ɗaya daga cikinsu, istafilokokus, na zaune a hanci ko fatar lafiyayyun mutane da dama, tana jiran ɗan yanka ta shiga ta zama maruru ko ƙurajen gemu. Akwai dangin funfuna masu kawo ƙora a kan yara, waɗanda irinsu ke maƙalewa a guntun gashin da ya rage a mataji har watanni. Mafi haɗari shi ne bairos mai kawo ciwon hanta nau'in B. Yana iya kwana 7 ko fiye a cikin busasshen jini bai mutu ba, kuma ɗigon da ya fi ƙarfin gani ya isa ya harbi mutum. A 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, akasarinsu ba su sani ba.

Shi ya sa gwani ba ya tsallake mataki. Yakan wanke aska da almakashi da haƙoran injin aski da ruwan sabulu, yana bin kowane lungu da ɗan buroshi. Hikimar tana nan: jini da maiƙo na cinye ƙarfin magani, ƙarfen da ba a wanke ba kuwa ko ya kwana a magani ba a gama da shi ba. Sai ya tsoma su cikin ruwan jabel, wato ruwan kulorin, da ya haɗa da safe. Idan kwalbar ta nuna ƙarfin 3.5 cikin ɗari, awo ɗaya na jabel yake zubawa a awo 6 na ruwa. Haɗin jiya zubarwa yake, domin zafi da hasken rana na kashe shi. Minti 10 cif ƙarfe zai yi a nutse. Mai jira ya ce, “Sarkin aska, sauri nake,” shi kuma ya ce, “Haƙuri, Alhaji, bari ya cika lokacinsa.” Daga nan ya ɗauraye, don jabel na cin ƙarfe, ya shanya a tsumma mai tsabta, ya ajiye a gwangwani mai murfi, ba cikin zabira tare da kayan da aka yi aiki da su ba.

Malalaci kan shafa aska a tafin hannu, ko ya gitta ta ta cikin wutar ashana, ya ce bismillah, a zauna. Wutar daƙiƙa biyu baƙi kawai take wa ƙarfe.

Duk abin da zai huda fata, irin na tsaga ko kaciya ko askin suna, hukuncinsa ya fi tsanani. Tafasawa minti 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ruwa ya fara ɓararraka, na kashe yawancin ƙwayoyin cuta, amma akwai masu shiga ɓawo su jure mata, irin wadda ke sandarar da jarirai. Su sai tukunyar tururi ta asibiti mai kai zafin digiri 121. Wanzamin da ya san haka sabuwar reza yake ɓarewa a gaban mai kai, in ya gama ya jefa ta cikin gwangwanin da yara ba za su iya buɗewa ba. Ƙaho ma, a ganina, lokaci ya yi da zai ba da wuri ga kofin da ake amfani da shi sau ɗaya, don jini na ɓuya a tsagoginsa.

Sauran ilimin a idonsa yake. Kafin ya jiƙa kai, yakan buɗa gashi da yatsa ya duba. Magidanci ya kawo ɗansa daga Tibiri, kai duk zagayen ƙora, sai ya bar shi ƙarshe, ya ware masa kayan aiki, ya kuma gaya wa uban cewa wannan sai maganin sha daga likita, shafe-shafe ba ya kai wa ga saiwar gashi. In kuma ya ga farin tabon da ba ya jin taɓi, yakan rage murya ya ce, “Malam, ka leƙa Danja,” wato asibitin kuturta da cututtukan fata da ke kudu da Maraɗi, wajen Jiratawa, inda ake ba da maganin da ke warkar da kuturta.