Kaliban da Manoman Bakolori: Launi, Aji da Mallakar Ƙasa

Kaliban ɗaya ne daga cikin taurarin wasan kwaikwayon The Tempest, wato Guguwa, wanda Shekisfiya ya rubuta wajen 1611, kuma shi ne ɗan asalin tsibirin da Furosfero, hamɓararren sarkin Milan, ya sauka ya mallake. Da farko zaman amana suka yi, har Kaliban ya zaga da baƙon nasa ya nuna masa idanun ruwa masu daɗi da wuraren gishiri da ƙasa mai albarka, sannan aka wayi gari an tsare shi a kogon dutse yana ɗebo wa baƙon itacen girki. An daɗe ana nuna shi a dandali a matsayin dodo mai ban dariya, amma a 1878 Ernest Renan na Faransa ya ɗauke shi a matsayin talakawa masu neman mulki, wato ya karanta shi ta fuskar aji, matsayin mutum gwargwadon abin da ya mallaka.

Fassarar wasan ta fuskar mulkin mallaka ta zo ne a 1950, bayan tawayen Madagaska na 1947, lokacin da Octave Mannoni ya yi da'awar cewa wanda aka mallaka, kamar Kaliban, yana da ɗabi'ar dogaro da ubangida tun kafin zuwan Bature, maganar da Frantz Fanon ya rusa a 1952, kuma ta cancanci rusawa, domin ta ɗora wa wanda aka zalunta alhakin zaluncin. A 1969 Aimé Césaire ya sake gina wasan, ya mai da Kaliban baƙar fata bawa, Ariyel kuma, aljanin da ke yi wa Furosfero hidima, ya mai da shi ruwa-biyu mai lallaɓa ubangida yana jiran a 'yanta shi.

Wannan karatu na launin fata ya yi amfani ƙwarai, sai dai bai ƙoshar da mai karatu daga Talata Mafara ko Bakura ko Maradun ba, domin su a kan gona suka ga labarin, bayan Turawan mulki sun tafi da shekara ashirin. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato da kuɗin gwamnatin tarayya. Tafkin ya cinye garuruwa aka kwashe mutanensu zuwa Sabon Maradun, fadamun da ke ƙasa da madatsar suka rasa ambaliyar da shinkafa da kamun kifi suka dogara da ita, manoman da ke filin noman rani kuwa aka hana su shuka damina bayan damina ana baje musu gonaki da katafila, ɗorawa da tsamiya da kuka na kwance, ga diyya ba ta zo ba. Da suka datse hanyoyin shiga wurin aikin, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a watan Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka kashe mutanen da wasu masu bincike suka ƙiyasta sun haura 380, adadin da ya ninka wanda hukuma ta amsa sau da yawa.

Injiniyoyin Turawa ne, amma masu sa hannu da masu rabon diyya da masu riƙe da bindiga duk 'yan ƙasa ne, saboda haka kujerar Furosfero a nan ta wanda ke da ikon auna gonar wani ce, ko wane irin launi gare shi, matsayin Ariyel kuma ya faɗa kan ma'aikata da masu sarautar da aka sa isar da umarni. Kwatancin yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta: Shekisfiya ya bar Kaliban shi kaɗai, ya sa shi ya durƙusa wa mashayin bara Istifano saboda kwalbar giya, alhali manoman Bakolori jama'a ne masu addini da tarihi da gadon gonaki da kowa ya san iyakokinsu, kuma sun bi ta hannun dagatai da hukuma da koke-koke kafin su fito kan hanya.